Wushiryar Rukayya da Zarton Sule

Ran nan wasu samari biyu masu koyon aikin haƙori suka leƙo ɗakina na baya. Ɗaya ya ɗauki robar jera haƙora daga kan tebur, ya ɗaga ta sama yana hangen fitila ta cikinta, ya ce da ɗan'uwansa, "Wannan ai ledar fiya wata ce aka gasa." Suka yi dariya, ni ma na taya su, don ranar da na fara ganinta haka na ce a raina. Amma da suka tafi sai na ga ya kamata in zauna in rubuta muku, ku da kuke ganin aikin nan bai wuce a ɗauki hoton baki a aika, roba ta zo a kwali ba. Rubutun boko da furfurata na koye shi a ajin manya. In kun ga wani baƙi ya karkace ku ƙyale shi, ni haƙori na iya miƙarwa.

Sunana Sule, haifaffen Fagge. Aji uku na yi a makarantar boko, malamin ya gaji da ni, na gaji da shi, muka rabu ba wanda ya yi kuka. Sai babana ya kama hannuna ya kai ni shagon Alhaji Lasisi, wani Bayarabe musulmi da ke haɗa haƙoran roba a layin bayan gidanmu. Ya ce masa, "Alhaji, ga shi nan. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ko ka ba hannun aiki, ko ya samo wa kansa wanda za mu ji kunya."

Aikina na farko kwaɓa filasta, kuma shekara guda cur ban yi wani ba. Filasta farin gari ne kamar na rogo, da shi ake zuba siffar bakin mutum. Da farko a cika wani cokali mai kama da kofaton doki da kwaɓin awo, mutum ya ciza, a jira ya daskare, a zaro. Sai a zuba filasta cikin gurbin, in ta bushe ga bakin mutum a hannunka, har da ɓallin da ya yi garin buɗe kwalba. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwan ake zuba wa gari ba, kuma sai ka yi ta bubbuga kwanon a gefen tebur har kumfa ta gama tasowa. Kumfa ɗaya in ta maƙale a bakin haƙori, duk abin da ka gina a kai ba zai zauna ba. Alhaji ba ya faɗa. Zai ɗauki siffar ya juya ta a haske, in ya ga rami ko kamar na allura sai ya sa filaya ya ɓare ta gida biyu, ya ajiye mini a gabana. Sau ɗaya na ce masa, "Baba, ai sai a cike ramin." Ya ce, "Sule, bakin mutum ba katangar gidanku ba ce da za a yi mata yaɓe."

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Da zarto siriri kamar zaren ɗinki, da magagari uku, da wuƙar kaki, da 'yar fitilar narka kakin, da filaya. Zarton nan har yau yana nan, na canza masa baki ban san iyaka ba, amma mariƙin na Alhaji ne.

Masu zuwa mana kuwa iri-iri ne. Akwai ma'aikatan tashar jirgin ƙasa da ƙarfe ya taɓa wa baki. Akwai alhazan da guzuri ya ƙare musu kafin su sa haƙorin Makka, sai su biyo ta Fagge a rufa musu asiri kafin su isa garinsu. Na sha ganin alhaji ya fita daga shagonmu yana washe baki, haƙorin Makkarsa ko kwalbatin layinmu bai taɓa tsallakewa ba. Ban taɓa tona kowa ba, yau ma ba zan fara ba.

Amma wadda ta fi zauna mini ita ce wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ba ta da haƙori ko ɗaya a sama. Alhaji ya bar mini aikinta, shi ne cikakken baki na farko da na jera da kaina. Na jera su reras, ba inda iska za ta bi. Ta sa, ta kalli madubi, ta cire ta ajiye. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba bakina ba ne. Nawa da ƙofa a gaba." Ashe mai wushirya ce tun tana budurwa, kuma ta ce da ita aka san ta a unguwarsu. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce in sake. Na raba na gaban biyu, na bar mata ƙofarta, ta tafi tana sa mini albarka. Daga ranar duk tsohuwar da ta zo sai na tambaye ta ko tana da wushirya, kuma ko wadda ba ta taɓa yi ba sai ta ce tana da ita. 'Yan mata kuma suna zuwa a goge musu tsakanin haƙora da magagari don a buɗe. Alhaji korarsu yake yi, ya ce abin da aka goge ba ya tsirowa, su kuwa su tafi wani wuri a yi musu. Shekara ashirin da wani abu ina ganin haka. Ku riƙe wannan, don ku san irin kan da na ɗauka na shiga aikin roba da shi.

Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓa, Alhaji ya riga ya koma garinsu ya bar mini shagon. Da farko kasuwa ta buɗe, don kowa ya zama ɗan takara, kuma ba a buga fosta da giɓi. Wani mai neman kansila ya zo da haƙora biyu a aljihu, ya ce a taron jam'iyya suka fita, in mayar masa kafin mai hoto ya iso. Sai kuma shekara ta juya. Wata safiya masu duba shagunan magani suka shigo su uku, suka ce in nuna takardar shaidar karatu. Na duba bango, takarda ɗaya ce a jiki, kalanda. Suka garƙame shagon. Ba zan ce sun zalunce ni ba, don na san abin da wasu irina suke yi a bakin mutane da filayar kanikawa. Na koma acaɓa. Wata huɗu na yi, na zuba wani mai ƙwai a kwata da kiret ɗinsa, na gane babur ba ya jin lallashi irin na kaki. Kujerar shagon ta tafi, madubi ya tafi, zarton ne kawai na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Likita Ngozi ce ta tsamo ni. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausar bakinta ta fi tawa tsabta. Tana da asibitin haƙori ba nisa da kasuwa. Ta ga haƙoran roba a bakin wani tsohon direba, ta tambayi wanda ya haɗa, aka yi ta kwatance har aka kawo ta ƙofar gidanmu. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: "Malam Sule, baki nawa ne, filasta taka ce. Ranar da na ga yatsanka a bakin mutum, ranar za mu rabu." Na ce na ji. Ta ba ni ɗakin baya, tsakanina da ita falanki ne kawai.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne ban iya karatu ba. Lamba na sani, sunana na sani, shi ke nan. Kowane aiki tana haɗo shi da 'yar takarda da Turanci, ni kuma in karɓa, in ƙura mata ido, in gyaɗa kai kamar alƙali, in cusa a aljihu. Ba a taɓa kama ni ba, don aikin haƙoran roba shi yake faɗin kansa. In ka ga giɓi ka san abin da ake nema. Shekaru muka yi a haka.

Wata rana Likita ta dawo daga wani kwas da inji a kwali, bai fi tukunyar miya girma ba. Ta ce zamani ya zo da jera haƙora ba tare da ɗaura waya ba. Ta nuna mini yadda ake yi, kuma a lokacin ba hoto ba kwamfuta, da hannu ne. Za ka ɗauki siffar filasta, ka sa zarto ka yanko haƙorin da ake son matsarwa shi kaɗai, ba tare da ka taɓa maƙwabcinsa ba. Ka matsar da shi kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, ka kafe shi da kaki. Sai ka ɗora siffar a injin, ya gasa wani faifan roba garai-garai har ya yi laushi, ya zuƙe shi ya lafe a jikin haƙoran. Ka yanke gefe da almakashi, ka goge kaifin. In mutum ya sa, robar tana tura haƙorin nan zuwa inda ka ajiye na filasta. Bayan sati biyu ya sa ta gaba, wadda ka ƙara matsarwa kaɗan. Haka har a isa.

Na ce mata, "Likita, wannan ledar ce za ta ture ƙashi?" Ta ce in kawo bakina. Ta auna ni, na yi wa kaina guda. Kwana biyu haƙorana suna tsami kamar na sha tsamiya, sai na yarda. Rana ta uku na manta na kurɓi shayi mai zafi da ita, ta nannaɗe kamar ganda. Daga bakina muka koyi abin da muke gaya wa duk mai farawa: sai Likita ta duba dasashi ta wanke haƙora tukuna, don ba a tura haƙorin da gindinsa ke ciwo. A kwana da ita a wuni da ita, ci da sha kawai ke cire ta, ban da ruwan sanyi. Mai goro ya zaɓa, ko goro ko roba. Kada a naɗe ta a takarda a gefen faranti, za a kwashe da ƙashin kaza. Kada a bar ta a gaban mota da rana. Duk wannan na sani tun kafin mu taɓa kowa, har ina jin kaina wani farfesa.

Mutum ta farko da muka yi wa ita ce Rukayya, wata budurwa 'yar Fagge da ta gama karatun aikin jarida. Ranar da ta zo janareta na ta ruri a bayan tagata, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da suka tattauna ba. Likita ta shigo da siffar bakin da takardarta, ta ce, "Na rubuta komai a nan. Mataki huɗu za ka fara yi mata, a hankali." Na gyaɗa kai, takarda ta shige aljihu.

Na ɗora siffar a tebur na juya ta a haske. Ban taɓa ganin wushirya irin wannan ba. Ƙwayar shinkafa za ta wuce a tsaye, haƙoran biyu masu kyan siffa, dogaye. Aibi ɗaya na gani: na hagun ya ɗan jingino, ya sa ƙofar ta tsuke daga ƙasa. Na ce, to, ga abin da ya kawo yarinya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa akwai ɗan Adam da zai taka da ƙafarsa ya zo a rufe masa wushirya. Na sa zarto na yanko na hagun, na miƙar da shi waje. Da na ga ya yi kyau sai na ɗan taɓa na daman ma, don su yi daidai. Na yi roba huɗu, na sa kowace a ambulan da lambarta. Aikin ya yi tsaf, har na yi wa kaina kirari.

Likita ta gwada mata ta farko, ta zauna daram. Mataki ɗaya ido ba ya ganinsa, balle a roba garai-garai. Ta ba ta sauran ukun, ta ce ta dawo bayan wata biyu, don ita za ta tafi garinsu jinyar mahaifiyarta.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, an kawo wuta janareta ya yi shiru, ina goge wani haƙori sai na ji muryar mace ta cikin falanki.

"Likita, fiton nan fa ƙaruwa ya yi."

"Kina sa robar kuwa?"

"Wallahi ko salla da ita nake yi. Shayi ma na daina."

"Rukayya, kowa haka yake cewa. In ba kya sawa ki faɗa mini, ba dukanki zan yi ba."

"Ki duba jakata, ga ukun da na gama, duk sun yi duhu don sawa. Jiya na ɗauki muryata a kaset, sai ka ce butar shayi ta tafasa."

Da ta ce "sai ka ce" na ji shi da kunnena, wani siririn fito yana biyo harafin sin ɗin. Na ji ƙarar ƙarfen awo a faranti. Sai Likita ta ce a hankali, "Ya buɗe. Ya fi yadda muka fara."

Na ajiye magagari. Na laluba aljihun rigar aikina, ga takardar nan a ninke yadda aka ba ni, filasta ta sandarar da ita. Ɗakin baya yana da ƙofar da ke fita lungu, kuma ba zan ɓoye muku ba, na kalle ta. Amma Likita ta riga ta fara cewa wataƙila harshen yarinyar ne ke tura haƙoran, ita kuma tana ta rantsuwa. Na ɗauki siffofin huɗu na yi sallama na shiga.

Na jera su a gaban Likita. Ta kalli ta farko, ta kalli ta huɗu, ta ɗago.

"Malam Sule, me na rubuta maka?"

Na miƙa mata takardar. "Likita, sai dai ki karanta mana mu ji gaba ɗaya. Ni ban taɓa sanin abin da ke cikin takardunki ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ɗauke ni."

Likita ta zauna a kujerar da ba tata ba, ta marasa lafiya. Rukayya ce ta fizgi takardar ta karanta, ta fassara mini da Hausa kalma-kalma kamar mai karanta hukunci: a haɗe na gaba biyu, a rufe tsakani.

Na ce, "'Yata, rufewa? Wannan wushiryar? Mata fa har kuka suke yi a shagonmu a buɗe musu rabinta."

Ta ce, "Baba, a bakinka take ko a nawa?"

Nan ta gaya mini abin da janareta ya hana ni ji. Lokacin an fara buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, kowa na son a ji bakinsa tunda an daina tsoron soja. Ta je gwajin karanta labarai a ɗaya daga ciki. Mai kula da na'ura ya ce muryarta ta yi, karatunta ya yi, amma makirufo yana kama fito duk inda sin ta fito, masu sauraro za su kashe rediyo. Suka ce za a sake gwaji bayan wata huɗu, daga shi za a rufe ɗauka. Biyu sun tafi a hannuna, kuma ta baya na kai ta.

Na ce da Likita, "Bari in ninka matakin. Abin da ake yi a sati biyu mu yi uku a ciki."

Ta ce, "Haƙori ba ƙusa ba ne, Malam Sule. Ƙashi ne yake ba shi hanya a gaba, yana cikewa a baya. Ka matsa masa ya mutu a tsaye, ya yi baƙi. Ka buɗe mata wushirya, yanzu kuma so kake ka ba ta giɓi?" Sai ta juya wajen yarinyar. "Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni ce likita, ni ya kamata in duba siffofin kafin in ba ki. Sati takwas ɗin da suka rage za su mayar da ke inda kika fara ne kawai. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Rukayya ta tattara robobinta ta zuba a jaka, ta fita ba sallama. Likita ba ta kore ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne daga yau ba takarda tsakaninmu, baki da baki za a yi, kuma ba zan sa zarto a filasta ba sai na fito na gaida mai bakin na ji da kunnena abin da yake so. Ajin manya kuma ita ta rubuta sunana, ba shawarata ta nema ba.

Kwana biyu ina juya siffar nan. Sai tsohuwar sana'ata ta faɗo mini. Mu da muka saba cike giɓi, me zai hana a cike wannan na ɗan lokaci? Robar ai kube ce a kan haƙora. In na ɗiga abin da muke yin haƙoran roba da shi a cikinta, daidai gurbin wushiryar, in bar ɗan sarari don haƙoran su samu wurin matsowa, iska ba ta da hanya. Robar na aikinta, toshiyar na tare fito. Na haɗa guda na kai wa Likita, ta juya ta, ta ce babu cutarwa, amma sai mai baki ta yarda.

Rukayya ta yarda, bayan Likita ta je har gidansu. Da ta shigo ta ce mini, "Baba, ba don kai na dawo ba." Na ce ko ni ne ba zan dawo don ni ba.

Ta sa robar, Likita ta miƙa mata tsohuwar jarida. Fito ya ɗauke ɗif. Sai dai wata matsalar ta fito: harshe na tuntuɓe da kaurin robar ta ciki, sin ɗinta ta koma kamar ta mai tsotsar alewa. Da wannan ma ba za a ɗauke ta ba.

Nan aikin gaske ya fara, kuma shi nake so ku ji. Kullum bayan la'asar za ta zo, ta zauna a ɗakin Likita da ƙofa a buɗe, ni kuma in juya mata baya don kada idona ya yaudari kunnena. Tana karanta jarida da ƙarfi, ni da wuƙar kaki a hannu. Duk inda na ji fito in ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, inda harshe ya yi nauyi sau biyu. In ta gama shafi ta cire robar ta wanke, Likita ta miƙo mini, in goge robar ta bayan haƙoran gaba da dutsen goge haƙori, kaɗan, kamar mai cire ƙura. In na goge da yawa ta tsage, a sake gasa wata. In na rage toshiyar fiye da kima fito ya dawo. Na daina ƙirga faifan da na ɓata. Ga shi duk sati biyu sai an canza roba, a sake wannan wahalar daga farko. Ni da ban iya karanta jarida ba, sai da na haddace rikicin majalisa na wata biyu da farashin taki.

Wata rana ta karanta wani dogon sakin layi ban ƙwanƙwasa ba. Ta tsaya ta ce, "Baba, barci kake yi?"

"Ido biyu nake."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Ban ji komai ba ne."

"Ko dai kunnen ne ya tsufa?"

Na ce ta faɗi "sassan jihar sun samu sassauci" sau goma, in na ji fito in biya mata kuɗin mota. Ta faɗa sau goma sha biyu don ta kunyata ni. Ranar ce ta fara yi mini dariya, ta kuma ce in daina kallon bakinta kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ranar gwajin ba ta biyo ta wajenmu ba, washegari ma haka. Likita ta ce an gaya musu ba za a kira kowa ba, wanda aka ɗauka zai ji kansa a iska, don sababbi da ƙananan sanarwa ake fara su. Ni ba ni da rediyo mai kama sabuwar tashar, sai na koma karyawa a teburin Ɗanlami mai shayi, kusa da tashar jirgi, inda rediyo ke rataye a ƙusa tun asuba. Kwana biyar ina zuwa, ina shan shayin da ba na so, ina jin muryoyin maza.

Rana ta shida, bencin a cike da leburori da direbobi, aka gama labarai aka ce ga sanarwa. Sai muryar mace ta fito, a nutse, ta yi salati, ta ce ana sanar da rasuwar wani dattijo a unguwa kaza, za a yi masa sutura da safiyar nan, sannan a sallace shi a masallacin unguwar. Muryar Rukayya ce. Na ajiye kofi. Hannuna ya ɗauki cokali da kansa, ya tsaya a saman tebur yana jira. Sanarwa, rasuwa, sutura, safiya, sallace, masallaci. Duk suka wuce ɗaya bayan ɗaya, cokalin bai sauka ba.

Mutanen benci suna ta "Allah ya jiƙansa." Ban san bakina a washe yake ba sai da na ga an zuba mini ido. Ɗanlami ya tsaya da buta a hannu.

"Baba Sule, lafiya? Mamacin nan kun taɓa faɗa ne?"

"Allah ya jiƙansa, ban san shi ba. Amma ka ji yadda aka faɗi rasuwar tasa? Tsaf!"

Wani direba ya ja kofinsa ya matsa can ƙarshen benci. Ɗanlami ya kai hannu zai canza tasha, na riƙe masa hannun riga.

Na ce, "Ƙaro murya dai. Ta ce akwai sauran mutum uku."